Yadda A Ke Sa Inji Ya Jarraba Manhaja Da Kansa

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in yi muku bayanin wata dabara ta masu rubuta manhajar kwamfuta. Na san waɗansu za su ce ai wannan magana ta 'yan sashen kwamfuta ce, ba ruwan mai koyon koyar da Hausa ko tarihi ko aikin gona. To, amma kowannenmu in ya fita daga kwalejin nan makin 'ya'yan mutane zai riƙe a hannunsa. Yanzu kuwa makarantu da yawa sun fara barin rajistar takarda, sun koma zuba maki a shafin kwamfuta, shi shafin ya yi jimla, ya ba da daraja, ya fid da na ɗaya da na ƙarshe. Wanda zai dogara ga abu irin wannan, ya kamata ya san yadda a ke tabbatar da gaskiyarsa.

Harshen da ke motsa irin wannan shafi a cikin burauza sunansa JavaScript. Wani Ba'amurke, Brendan Eich, ya ƙago shi a kamfanin Netscape cikin 1995, kuma cikin kwana goma kacal ya aza tushensa. Harshe ne mai amfani ƙwarai, amma aikin gaggawa ba ya rasa tabo, yana da waɗansu halaye waɗanda in ba ka san su ba sai su kunyata ka gaban iyayen yara.

Ga misali. Abin da aka buga cikin akwatin shafi, JavaScript yakan karɓe shi a kan rubutu ne, ba a kan lamba ba, sai fa in an umurce shi ya juya shi. Alamar tarawa kuwa aiki biyu ta ke yi a wurinsa. In ta sami lambobi ta tara su, in ta sami rubutu sai ta liƙa wannan jikin wancan. Saboda haka yaron da ya ci 30 a aikin aji, ya ci 45 a jarrabawa, maimakon 75 sai ka ga 3045. Wannan da sauƙi, don kowa ya gani ya san akwai ɓarna. Wanda ya fi mugunta shi ne na yaron da ya ci 5 a aikin aji da 8 a jarrabawa. Jimlarsa 13, ya faɗi ke nan, amma inji ya liƙa su ya ba shi 58, ya haye abinsa, ba mai zargin kome. Har wa yau, in ka ce wa JavaScript ya jera lambobi ba ka gaya masa yadda zai gwama su ba, sai ya jera su kamar kalmomi cikin ƙamus, yana duban harafin farko. A wannan jeri 9 ta fi 80, 80 kuma ta fi 100. Mai maki tara ya zama na ɗaya a aji.

Maganin wannan shi ne gwaji. A makarantar mishan inda na yi firamare, malaminmu na lissafi ba ya karɓar ɗebewa sai ka tara amsarka da abin da ka ɗebe a gefen littafi, ka nuna masa ta komar da kai lambar farko. Gwajin manhaja ɗan'uwan wannan ne. Za ka rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja wadda ba ta da wani aiki sai yi wa babbar tambayoyin da ka riga ka san amsarsu. Kent Beck da Erich Gamma su suka yaɗa wannan al'ada da wani kayan gwaji da suka yi wa harshen Java cikin 1997, mai suna JUnit. A lura, Java daban, JavaScript daban, suna ne kawai ya haɗa su. Daga baya shi ma JavaScript ya sami nasa: Jasmine daga kamfanin Pivotal Labs cikin 2010, Mocha cikin 2011, da Jest wanda Facebook ya fitar cikin 2014. A cikin Jasmine tambaya guda ga yadda kamarta ta ke:

expect(jimla("5", "8")).toBe(13);

Watau, ina sa ran in an ba jimla 5 da 8, ko da a rubuce suka zo mata, ta fid da 13. In ta fid da 13 an ci gwaji. In ta fid da 58 gwaji ya faɗi, kuma Jasmine zai gaya maka wace tambaya ce, me aka sa rai, me aka samu. Tambayoyi ɗari irin wannan inji yakan gama su kafin ka shanye moɗar ruwa.

Sai dai a nan akwai rami, kuma saboda wannan ramin na ɗauki alƙalami. Gwaji ba ya amfanin kome sai an gudanar da shi, mai gudanarwa kuwa ɗan Adam ne. Ran da aka rubuta tambayoyin kowa yana ɗoki, ana gwadawa safe da yamma. Bayan wata uku fa? Ƙarshen zango ya zo, shugaban makaranta yana jiran sakamako, aka ce a ɗan gyara wuri guda, layi ɗaya ne tak. Mai gyara ya gaji, ya ce wannan ɗan abu ai bai kai a gwada ba. Ranar da aka fi bukatar gwaji, ita ce ranar da aka fi sakaci da shi, domin gaggawa ita ke kawo kuskure, ita kuma ke hana dubawa.

Wannan cuta ta mantuwa ba sabuwa ba ce. Manhaja ba takarda guda ba ce, fayil-fayil ne masu yawa, kuma kafin a miƙa ta ga mai amfani sai an bi matakai: a tattaro abubuwan da ta dogara gare su, a juya rubutun zuwa abin da inji ke ganewa, a ɗaure duka a ƙunshi ɗaya. Cikin 1976, a ɗakin bincike na Bell a Amurka, wani abokin aikin Stuart Feldman ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da ya riga ya gyara, ashe an manta ne ba a sāke haɗa manhajar ba bayan gyaran. Wannan ya sa Feldman ya rubuta Make, manhajar da ke bin matakan nan da kanta bi da bi, ba ta tsallake ko ɗaya. Irin wannan manhaja ni zan kira ta magini.

Kada a ce tsohon labari ne. Shekara 49 bayan haka, ran 14 ga Mayu 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya ce sakamakon ɗalibai 379,997 ya sami matsala, a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas. Bisa bayanin hukumar, an yi wa manhajar jarrabawa gyara, amma ma'aikatan wani kamfani da ke yi mata aiki ba su sabunta waɗansu daga cikin manyan kwamfutocin da ke rarraba jarrabawar ba. Tilas ɗaliban nan suka sāke zama daga ran 16 ga watan. Ku dubi yawan gidajen da aka yi baƙin ciki cikinsu a 'yan kwanakin nan, a kan mataki guda da ya kuɓuce wa hannun mutum. Makarantar da za a tura ni ko kai ba za ta kai yara dubu ba, amma ga uban yaro guda da aka kayar ba bisa ƙa'ida ba, zafin ɗaya ne.

Bayan Make an yi magina da yawa. Masu harshen Java sun sami Ant cikin 2000, sa'an nan Maven, wanda fitowarsa ta farko cikakkiya ta zo cikin 2004. Masu JavaScript kuma suka sami Grunt cikin 2012 da Gulp cikin 2013. Zan tsaya kan Maven, don tsarinsa ya fi sauƙin nunawa. Shi ya kasa aikin gini mataki-mataki a jere: duba tsari, juya rubutu, gwaji, ɗaure ƙunshi, har zuwa aikawa. Dokarsa kuwa ita ce in ka nemi wani mataki, sai ya bi dukan waɗanda ke gabansa tukuna. Ka ce masa ya ɗaure ƙunshi, ba zai kai can ba sai ya ratsa ta matakin gwaji. In wani mataki ya gaza, nan ya ke tsayawa.

Abin mamaki, shi Maven kansa kusan ba ya iya aikin kome. Ku tuna injin niƙa na bakin kasuwa. Shi injin juyawa kaɗai ya sani. In aka ɗora bel ɗinsa kan maniƙa sai ya niƙa dawa, in aka mai da bel ɗin kan na markaɗe sai ya markaɗa tattasai. Haka Maven ya ke, kowane aiki akwai wata 'yar na'urar da a ke jona masa, ita a ke kira fulogin. Tun asali yana da fulogin mai gudanar da gwajin Java. Amma manhajar makaranta ko ta banki sau da yawa rabi biyu ce, Java a can baya wajen ajiyar bayanai, JavaScript a gaba wajen abin da ido ke gani. Sai ya zamana rabi guda ana tsare shi a ƙofa ana bincike, rabi guda yana wucewa ba mai ce masa daga ina. Don toshe wannan kafa wani mai suna Justin Searls ya rubuta jasmine-maven-plugin.

Ga yadda ya ke aiki. Kowane aikin Maven yana da fayil guda mai suna pom.xml, inda a ke rubuta abin da magini zai yi. Cikinsa za ka ambaci sunan fulogin ɗin, ka ɗaura shi a matakin gwaji, ka nuna masa jakar da rubutun JavaScript ya ke da jakar da tambayoyi su ke. Sau ɗaya za ka yi wannan. Daga ran nan, duk sa'ad da wani ya buga mvn package, in an iso matakin gwaji sai fulogin ya tashi. Ya shirya wani shafi na wucin gadi, ya loda masa manhajarka da tambayoyinka, ya buɗe shi cikin burauza, ya jira Jasmine ya gama, sa'an nan ya karɓi sakamako ya kai wa Maven. In duka an ci, gini ya ci gaba. In ko tambaya ɗaya ce ta faɗi, Maven ya tsaya cik, ya rubuta BUILD FAILURE, watau gini ya rushe, ba kuwa za a sami sabon ƙunshin da za a kai makaranta ba. Ga ni nan inda amfanin abin ya ke. Ba a roƙi kowa ya tuna ba, ba a yi wa kowa gargaɗi ba. An ɗauke gwaji daga cikin abin da mutum ke yi in ya ga dama, an dasa shi tsakiyar hanyar da ba makawa sai an bi ta.

Watakila mai karatu ya ce, wace burauza ce za ta buɗe alhali ba kowa zaune gaban allo? Akwai burauza marar fuska, wadda ke karanta shafi ta gudanar da JavaScript ɗinsa ba tare da ta zana kome a allo ba. Da fari an yi amfani da HtmlUnit, wadda kwaikwayon burauza ta ke yi cikin Java, kwaikwayo kuwa wani lokaci yakan saɓa wa na ainihi. Cikin 2011 wani mutumin Indunusiya, Ariya Hidayat, ya fitar da PhantomJS, mutane suka koma gare ta. Cikin 2017 Google ya sa Chrome kanta ta iya aiki ba fuska, kasuwar PhantomJS ta faɗi, cikin Maris 2018 aka dakatar da aikinta. Haka kuma Karma, wani mai gudanar da gwaji da ya fito daga Google cikin 2012 ya yi zamaninsa, cikin 2023 masu shi suka ba da sanarwa sun daina ƙara masa sabon abu.

Na kawo waɗannan sunaye ne don in ja kunnen 'yan'uwana masu bin tsofaffin darussa na intanet, kada su ɓata mako guda suna kokawa da kayan da aka riga aka yi wa jana'iza. Wanda zai fara aiki yau, hanyar da na ga ta fi masa ita ce ta Node.js, wanda Ryan Dahl ya fitar cikin 2009 don JavaScript ya yi aiki ba cikin burauza ba. Tun fitowa ta 20, cikin 2023, Node yana da tabbataccen mai gwaji a jikinsa, ga kuma Jest ga mai so. In aikin na Maven ne, akwai frontend-maven-plugin, wanda zai sauko da Node ya ajiye cikin jakar aikin, ya kira gwajin a matakin da ka ɗaura shi. Igiyar da ke haɗa su duka kuwa 'yar siririya ce. Kowace manhaja in ta gama aiki takan bar lamba guda a bayanta. Sifiri na nufin lafiya lau, kowace lamba ban da sifiri na nufin akwai matsala. Wannan lamba magini ke dubawa ya san ko ya wuce ko ya tsaya.

Yanzu bari in faɗi inda dabarar ke da rauni, don kada in sayar muku da doki ban nuna muku ɗingishinsa ba. Maven yana da wata kalma, -DskipTests, wadda in ka ƙara ta a umurninka sai ya tsallake gwaji ya wuce. An yi ta don lalura, amma a hannun mai gaggawa ta zama ƙofar baya. Ni a ganina duk ƙunshin da aka ɗaure da wannan kalma bai kamata ya taɓa makin yaro ba. Masu manyan ayyuka sun magance wannan da ajiye wata kwamfuta daban wadda ba ta jin roƙo, kamar Jenkins ko GitHub Actions. Duk wanda ya kawo gyara, ita za ta sāke ginin tun daga tushe, ta gwada, kuma abin da ta ɗaure shi kaɗai a ke aikawa. Mu malamai mun san irinta, ita ce mai duba jarrabawa na waje, wanda bai san ɗan wane ba.

Rauni na biyu ya fi girma, kuma a nan ne malamin makaranta ya fi mai kwamfuta gwaninta. Inji ba ya ƙago tambaya, wadda aka ba shi kaɗai ya ke yi. In ka ba shi tambayoyi masu taushi, kullum zai ce maka lafiya lau, alhali ɓarna na kwance. Daidai da malamin da ya sa jarrabawa a kan abin da ya tabbata yara sun haddace, kowa ya ci, ya koma gida yana murna bai koyi kome game da ajinsa ba.

Ɗauki ma'aunin da muka saba da shi, 70 zuwa sama A, 60 zuwa 69 B, ƙasa da 40 faɗuwa. Mai sakaci zai gwada 85 ya ga A, ya gwada 20 ya ga faɗuwa, ya ce an gama. Amma kuskure ba ya kwana tsakiyar gona, a kan iyaka ya ke. Tsakanin "ya fi 70" da "ya kai 70" alama ɗaya ce tak a rubutun JavaScript, kuma in aka bar ta, duk yaron da ya ci 70 cif B zai samu. Saboda haka 70 za ka gwada da 69, da 40 da 39. Sa'an nan ka tambayi abin da ba a so a tambaya. In an bar akwatin jarrabawa fanko fa, don yaro yana kwance asibiti? JavaScript in ya juya fanko zuwa lamba sifiri ya ke bayarwa, sai a rubuta wa marar lafiya ya faɗi, alhali bai ko zauna ba. In yatsa ya zame aka buga 450 maimakon 45 fa? In jimla ta zo 69.5 fa, A ne ko B? Wannan ta ƙarshe ba inji ne zai yanke ta ba, hukuncin makaranta ne. Amfanin rubuta gwajin shi ne ya tilasta a zauna a yanke hukuncin tun yara ba su shiga ɗakin jarrabawa ba, a rubuta shi inda ba zai sāke ba don ɗan wani ne ya zo kan iyaka.

Akwai kuma wata al'ada da na ke so mu ɗauka. Duk ran da aka kawo kuka, aka bincika aka ga manhaja ce ta yi ɓarna, kafin a gyara sai a fara rubuta tambayar da za ta kama wannan ɓarnar. A gudanar, a ga ta faɗi, sa'an nan a yi gyara, a ga ta haye. Ganin faɗuwarta wajibi ne, don tambayar da ba a taɓa ganin ta kama kome ba, ba a san ko tana da haƙora ba. Daga nan ta zauna cikin jaka har abada, fulogin yana maimaita ta a kowane gini, ko da wanda ya rubuta ta an yi masa canjin wurin aiki zuwa Rijau ko Mariga.

Game da halin da mu ke ciki nan Kontagora, na san abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne kuɗin data da ɗaukewar wuta. Gaskiya ne ginin farko yana cin data, don Maven zai sauko da fulogin da duk abin da ya dogara gare shi. Amma yana ajiye su cikin wata jaka mai suna .m2 a kwamfutarka, ba ya sāke sauko da abin da ya riga ya samu. In ka ƙara -o a umurninka zai yi aiki da abin da ke cikin jakar nan, ba ya neman intanet ko kaɗan. Mutum ɗaya na iya saukowa da su, sauran 'yan aji su kwafa da filashi. Don haka ma ya kyautu tambayoyinka kada su dogara ga intanet ko ga agogon ranar. Gwajin da ke ci yau ya faɗi gobe ba tare da an taɓa kome ba, ba a jimawa mutane ke daina gaskata shi, daga nan kuwa sai su koma ƙofar baya.

Ga ɗan aiki ga mai so, ba ya bukatar kwamfuta, takarda da fensir sun isa. Yara biyar sun ci 100, 80, 80, 9, na biyar kuwa bai zauna jarrabawa ba. Rubuta matsayin da kowannensu ya kamata ya samu a aji. Masu 80 ɗin nan biyu dukansu na biyu ne, to, mai 9 fa, na uku ne ko na huɗu? Shi kuma wanda bai zauna ba, a sa shi cikin jeri ko a ware shi? In ka yanke, mai da kowace amsa jimla guda mai farawa da "ina sa ran", ka kai wa wani ɗan sashen kwamfuta ya juya maka su zuwa Jasmine, ku gwada a kan shafin makarantar da aka tura ka koyon koyarwa.